Tsutsar Doka a Gidan Barakatu

A wani ɗan ƙauye kudu da Tudun Wada, kan hanyar Doguwa, an yi wata dattijuwa mai suna Barakatu, matar Malam Mudi. Sana'arta kaɗi, amma ba kaɗin auduga kaɗai ba irin na sauran mata. Ita zaren da ake kira tsamiya take kaɗawa, wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Zaren nan daga jikin wata tsutsa mai gashi yake fitowa. Da damina takan ci ganyen itacen doka ta ƙoshi, in kaka ta gabato sai su taru su saƙa wa kansu gida dunƙule guda a jikin reshe. Shi ake ɓamɓarowa a dafa da ruwan toka, a wanke, a shanya, sannan a ɗora a mazari. A wurin kakarta ta koyi aikin, kuma duk rani Ɗantani, wani ɗan koli daga Bebeji, yakan zo ya kwashe abin da ta kaɗa.

A da dokar tana bayan gari, kafin tuwo ya nuna an je an dawo. Sai noman gyaɗa ya yi ƙarfi, kowa ya ƙara gona. A ranin 1952 kuma aka zo saran itatuwan bakin rafi saboda ƙudan tsando. Ba wanda ya ga laifin haka, don cutar barci ta ci mutane a yankin. Amma dajin ya ja da baya, har ya zama sai Barakatu ta fita da hantsi ta dawo da la'asar, kwandonta ko rabi bai cika ba, gwiwoyinta sun kumbura. Malam Mudi ya sha ce mata ta haƙura ta koma auduga. Takan ce to, gari ya waye kuma ta ɗauki kwando.

Da damina ta tsaya a shekara ta gaba, sai ta yi shawarar da ba ta taɓa jin wani ya yi ba. Tun da ƙafa ta gaza zuwa wurin tsutsa, bari tsutsa ta zo gida. Ta je daji ta karyo reshe guda maƙil da 'yan ƙanana, ta rufe kwandon da tsumma, ta kawo. A tunaninta ganye ai ganye ne, kuma ga shi ko'ina a gari. Ta jera ƙore huɗu a ƙarƙashin rumfa, ta zuba ganyen mangwaro a ɗaya, na kuka a ɗaya, na darbejiya, da na tsamiyar da ke tsakar gidansu. Ta raba tsutsar, ta jawo kujera ta zauna.

Abin da ta gani ya daɗe yana damunta. Tsutsa za ta hau ganye ta bi gefensa, ta sunkuyar da kai ta taɓa da baki sau biyu ko uku, kamar mace mai ɗanɗana gishirin miya. Sai ta ɗaga rabin jikinta sama, ta yi ta waige, ta sauka. Na kan darbejiya ko taɓawar ba su yi ba. Na kan mangwaro suka ɗan gutsura suka bari. Kwana uku suna zagaya ƙoryar, ga abinci kore shar a ƙarƙashinsu, suna ramewa. A na huɗu suka fara mutuwa.

Malam Mudi ya tsaya a kanta yana saɓe da fartanya, ya ce, “Kin ɗauko bayin Allah daga inda aka ajiye musu abincinsu, kin kawo su nan ki kashe da yunwa.”

Abin da ita ma take faɗa wa kanta ke nan. Ta kwashe ƙore uku ta zubar a bola. Da ta zo kan ta huɗu, ta tsamiya, sai ta ga baƙin kashi ƙanana a ƙasan ƙoryar. Ta ɗaga ganyen a hankali. Cikin ɗaruruwa, wasu da ba su fi ashirin ba suna ci. Ba ci na marmari ba, su ci su tsaya, su sake ci. Ta bar su.

Akwai wata Bafulatana, Halima, da ke kawo tallar nono daga rugar gefen rafi, sukan zauna su huta tare. Da ta ga ƙoryar ta ji labari, ba ta yi mamaki ba. Ta ce su ma lokacin da iyayensu suka gangaro da shanu daga arewa, akwai ciyawar da manyan suka ƙi, har wasu suka faɗi. Waɗanda suka ci su suka haihu, 'ya'yansu kuma ba su san akwai wata ciyawa ba. Ta ce abin da baki ke karɓa ma gadonsa ake yi, kamar kamanni. Barakatu ta riƙe wannan maganar.

Cikin tsutsar, tara ne suka kai kaka. Suka saƙa ɗan gida da bai kai ƙwan kaza ba. Ba ta dafa shi ba, ta rataye a reshen tsamiyar, ta lulluɓe da tsohon kwando saboda tsuntsaye. Da ruwan fari ya sauka suka fito da fukafukai, suka yi ƙwai a bayan ganye, suka mutu. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ita ma yawancinta ta ɗanɗana ta ƙi, ta dinga zubowa ƙasa kaji suna gudunta. Amma waɗanda suka ci sun fi na bara yawa, kuma ba su daɗe suna shakka ba.

Haka ta yi ta yi shekara huɗu. Aikin ba shi da nauyi, sai dai ba ya ƙarewa. Ta zagaye gindin bishiyar da toka saboda cinnaka, ruwa ya wanke, ta sake zubawa. Ta kori tsuntsaye. Gashin tsutsar ya sa mata ƙaiƙayi a wuya da hannuwa, har fatar ta yi kaushi. A duk shekarun nan ba ta dafa ko dunƙule ɗaya ba, tana tsoron rage iri. Ɗantani ya zo sau biyu ya koma hannu rabbana, a na uku bai biyo ba.

A shekara ta biyar tsamiyar ta cika. Tsutsa ta hau ta kamar an haife ta don ita, in ka tsaya a gindin kana jin ƙarar cinsu kamar yayyafi. Barakatu ta tuna akwai wata 'yar doka da ta tsira a bakin gonar Malam Mudi, ta tsinko ganyenta ta ajiye wa wasu don ta gani. Suka taɓa da baki, wasu suka ci, amma da yawa suka ɗaga kai suka juya suna neman hanyar komawa bishiya. Ta daɗe tsugune a wurin. Ta zaci za ta ji daɗi, sai ta ji gajiya kawai ta sauko mata tun daga kafaɗa.

Da kaka ta cika kwando biyu. Ta dafa, ta wanke, ta zauna kaɗi. Nan ta gane zaren ba irin na daji ba ne. Ya fi duhu, gajere ne, yana tsinkewa in ta ja mazari da ƙarfi. Ta lallaɓa shi wata uku. Ta aika wa Ɗantani, ya zo don kunyar tsohuwar hulɗa. Ya murza zaren a yatsunsa, ya yaba ƙoƙarinta, sannan ya buɗe jakarsa ya nuna mata zaren kanti mai sheƙi, fari da kore da ruwan ƙwai, wanda ya ce yanzu shi masu ɗinki ke nema. Ya ɗauki kaɗan daga nata don kada ya tashi haka nan.

Damina ta gaba kuwa abin ya fi ƙarfin gidanta. Tsutsar ta bazu zuwa tsamiyar bakin masallaci da ta bakin rijiya. Ganye ya ƙare, inuwar da dattawa ke zama ta tafi, 'ya'yan tsamiyar da mata ke jira don kunu ba su yi ba. Masu ɗiban ruwa suka dinga komawa gida suna susa. Ba wanda ya zo ya yi mata faɗa, amma gaisuwa ta gajarta.

Ran nan bayan azahar mai unguwa Jibrin ya yi sallama, Malam Mudi ya shigo da shi har tsakar gida. Ya durƙusa ya gaishe ta, don ta girme shi nesa. Ya yi ta kewaye-kewaye, zancen ruwa, zancen gyaɗa, kafin ya iso inda za shi. Mutane sun ce a babbake tsutsar tun ba ta saƙa gida ba, amma shi ya ce ba za a taɓa ba sai an ji ta bakinta.

“Iya, mun san wahalar da kika sha,” in ji shi.

Ta dubi bishiyar, rassanta tsirara a tsakiyar damina. Ta ce, “Ni na koya musu cin abin mutane. Ku ƙona. Ku fara da tawa.”

Washegari maza suka zo da dogayen gora, an ɗaura tsumma a kai an jiƙa da kananzir. Malam Mudi da kansa ya riƙe na gidansu. Barakatu ba ta shiga ɗaki ba, ta zauna a bakin ƙofa tana jin ƙaurin, tsutsar tana zubowa tana nannaɗewa a ƙasa. Kafin la'asar an gama da bishiyoyin uku. Ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan, ta kwashe ta kai bola, sau biyar tana dawowa.

Ragowar zaren kuwa, Malam Mudi ya kai wa wani maɗinki a kasuwar Tudun Wada, aka yi wa farar rigarsa ɗan aiki a wuya da aljihu. Maɗinkin ya yi ta ƙorafin tsinkewa, amma ya gama. Ita kuma Barakatu hannun damanta ya fara rawa a ranin nan, mazari ya daina tsayawa. Ta ba wa wata maƙwabciya shi, ta koma sayar da daddawa a ƙofar gida.