Buzun Maidawa

Shekara biyu da samun mulkin kai, rediyo ɗaya ne tak a Kurgu, na Dela, matar marigayi Maidawa. Ɗanta Lauwali soja ne a Kwango, ya kuma aiko da wasiƙa cewa ran Juma'a bayan la'asar za a sa muryarsa a filin gaisuwar sojoji. Ran Laraba akwatin ya yi gum.

Aka ɗauko Sambo mai gyara daga Kamba, ya iso ran Juma'ar da hantsi. Ya zo da tiranzista guda, ɗan abu kamar ƙwayar wake mai ƙafa uku, da ya samo a tsallaken Dahome, kuma babu na biyu. Sambo na da wata ƙa'ida da ta sa ake yi masa kallon mai iskoki: ba ya aiki sai a tsurar ƙasa, ba takalmi, sai kuma ya kafa fartanya a jiƙaƙƙen wuri ya dafa ƙarfenta. Wai in rani ya tsananta jikin mutum na tara wuta, ita ce ke kashe irin waɗannan 'yan kaya.

Dela ta shimfiɗa masa buzun mijinta a zaure, wanda ba wanda ya hau tun rasuwarsa.

"Inna, ƙasa ta ishe ni," in ji Sambo.

"Baƙona bisa ƙasa? Mi mutanen Kurgu za su ce? Zamna, ɗana. Mai shi ba shi dawowa."

Kunya ta ci ƙarfinsa, ya zauna. Daɓen zauren kuwa ba na kafa wa fartanya ba ne, don haka ya bar ta cikin jaka.

Zauren da duhu-duhu, ko iska ba ta motsi. Yana ta muskutawa yana kwance akwatin, sai ya ga gashin buzun na miƙewa yana bin rigarsa ta nailan, kamar wani na shafa shi ta baya. Ya so ya tashi, amma Dela na tsaye a kansa. Ya kai hannu ga tiranzistan. Ƙyas! Wata 'yar wuta shuɗiya ta fita daga yatsansa.

"Malam ne, mai buzun," Dela ta ce a hankali. "Bai so Lauwali ya tahi soja ba. Har ya cika bai ambaci sunanai ba."

Sambo ya liƙa abin duk da haka, yana addu'a. La'asar ta yi, aka kunna, ba abin da ya fito sai shuuu. Dela ta manna kunne da akwatin har inuwa ta cinye tsakar gida.

Ya san abin da ya faru sarai: buzu ne da riga da bushewar rani. Sai dai faɗin haka daidai yake da ce mata karamcinta ne ya kashe muryar ɗanta, kuma tausayinta ya hana shi.

"Inna, laihina ne," ya ce.

Ba ta ko waiwaye shi ba. Buzun take kallo, gashinsa har yanzu a tsaye.

"Ko gaisuwatai ba ka bari in ji, Malam?"