Ƙofar da Na Hana Shi Taɓawa

Ƙofar gidan 'yata ba ta da mutunci. Kana fita za ta biyo bayanka ta rufe kanta ƙyat, kuma ba ta buɗuwa ta waje sai da makulli. Ranar da na sauka daga jirgi 'yata ta gaya mini haka, har ta rataya mini makulli a wuya. Na ce mata ni da na haife ta ba ita za ta koya mini ƙofa ba.

Gidan a hawa na bakwai yake. Ita aikin jinya take yi, mijinta direban bas ne, don haka kullum su bar ni da jikana ɗan shekara uku, wanda nake tsokana da Maigida. Maigidan nan a can ƙasar waje aka haife shi, ba ya jin harshenmu sai kalma ɗaya, ita ma ni na koya masa: "Bari!" Ya iya ɗage ƙafa ya ja mariƙin ƙofa, uwarsa kuma sai ta durƙusa tana lallaɓa shi da dogon bayani. Na ce wannan ai ɓata yawu ne. Duk sanda ya kai hannu sai in ɗalle masa bayan hannun da yatsu biyu. Kwana huɗu ya daina. Har gori na yi wa iyayensa.

Ranar nan da hantsi na toshe bahon wanka, na kunna ruwan zafi da niyyar in sirka daga baya, na tuɓe masa riga. Sai na hangi ledar shara a bakin ƙofa tana ɗiga. Wurin zubarwa taku goma ne kacal daga ƙofarmu. Makullin kuwa tun safe na cire shi na ajiye a kan firij, don igiyar tana cin wuyana.

Ina jefa ledar na ji ƙyat.

Na tura, na daka da kafaɗa, ko gezau. Wayata tana ciki, lambar 'yata ba ta kaina. Daga inda nake ina jin ruwan yana zuba, kuma na san yaron nan da wanka: ko ba a kira shi ba zai haye bahon. Na bi ƙofofin maƙwabta huɗu ina bugawa da hannu biyu ina ihu, babu wanda ya amsa sai wani kare. In sauka neman mai gadi? In ce masa me, da wane baki? Kuma wa zan bar wa yaron?

Na kwanta rub da ciki na leƙa ta ƙasan ƙofa. Ga 'yan ƙafafunsa nan.

"Maigida! Zo, zo nan. Ja ƙofar. Ja mana!"

Ƙafafun suka matso, suka tsaya. Sai na ji 'yar muryarsa: "Bari."

"Ba bari yau, ɗan albarka. Yau ja za ka yi. Kakarka ce ta ce!"

Ya juya ya nufi banɗaki. Na ƙwalla "Bari!" da ƙarfin da ban san ina da shi ba, ya tsaya cak. Abin da nake da shi ke nan: in tsayar da shi. Sau uku yana juyawa ina tsayar da shi, ƙarar ruwan kuma tana ta canjawa, irin ta abin da ya kusa cika. A na huɗu sai da na maimaita kafin ya ji.

Na zura yatsuna ta ƙasan ƙofar har fata ta saɓule. Na sassauta murya kamar yadda uwarsa take yi, wadda na yi ta yi wa dariya. "Don Allah, Maigida. Na tuba. Ba zan taɓa ka ba, wallahi ba zan taɓa ka ba. Ka buɗe wa tsohuwarka." Ba ya jin ko ɗaya, na sani. Kuka ya ƙwace mini, na kifa goshi a ƙofar ina yi da gaske.

Wani ɗan yatsa mai sanyi ya taɓa nawa. Can sai na ji yana nishin ɗage ƙafa, mariƙin ya motsa, ya koma, ya sake motsawa. Na tura a hankali.

Na wuce shi a guje na kashe famfon. Banɗakin ya turnuƙe da tururi, ruwan saura ƙiris ya kawo baki. A samansa agwagwarsa ta roba tana yawo, wadda na bari a kwando a ɗaki. Ashe har ya riga ya je bakin bahon.

Da na fito, yana nan tsaye inda na bar shi a bakin ƙofa, ba riga. Ya runtse ido gam, ya miƙo mini bayan hannunsa yana jira.