Jan Fenti a Ƙofar Dada Afiwa

Ina cikin ɗaure tukwanena da igiya na ji Dada Afiwa ta ɗauko waƙar cocinsu ta bayan katanga. Na ajiye igiyar na zagaya. Tana zaune a tabarma, ta jingina da bango, ƙafafunta sun kumbura suntum, tana tafi a hankali.

"Dada, jibi katafila za ta shigo, ke kina waƙa?"

"To Ajaratu, in na yi kuka za ta fasa zuwa?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Zauna ki taya ni."

A 1977 ne. Gwamnati ta ce a tashi Zongon Lome, a mai da mu can arewa, wajen Togblekope, inda ba komai sai ciyawa. An bi ƙofa-ƙofa an shafa jan fenti, alamar za a rushe. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, ko a ɗakinka sai ka rage murya.

Dada Afiwa 'yar ƙabilar Mina ce daga Aneho, Kirista. Shekara talatin tana sayar da abolo, wainar masara irin tasu, a bakin layinmu, Hausa a bakinta kamar tamu. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku. Ɗanta ɗaya, Komlan, makanike ne. Wata rana ya faɗi wata magana a kan gwamnati a gareji, aka fara nemansa, ya tsallaka Gana da ƙafa. Shekara tara ke nan, ko wasiƙa. Ga shi likita ya ce zuciyarta ta gaji, a mai da ita gida.

Na kasa haƙuri na ce, "Dada, in an rushe nan, ko Komlan ya dawo, a ina zai same ki?"

"Wanda Ya san inda yake, Ya san inda nake," ta ce. "Ranar da ya tafi na damƙa shi ga Yesu, ban koma na karɓo ba. Ban ce lalle sai na gan shi ba, 'yata. Na ce yana hannu mai kyau. Mawu li, Allah na nan."

A raina na ce tsufa ne.

Washegari da hantsi, maigidana Malam Inoussa yana loda katifu a mota, sai ga wani mai gemu da 'yar jaka yana bin ƙofofi da ido. Ya tsaya gabana.

"Yaya Ajara, ba ki gane ni ba?"

Tsintsiyar hannuna ta faɗi. Komlan ne. A Kumasi ya ji labari wurin 'yan goro, wai za a share Zongo. Ya ce in bai zo yanzu ba, ba zai ƙara sanin inda uwarsa take ba.

Malam ya dubi titi, ga sojoji biyu a kwana. Ya ja shi zaure da sauri, ya zura masa babbar rigarsa, ya kifa masa hula. "Daga yau sunanka Sulemana, ƙanena daga Sokode. Wuce."

Da Dada ta ɗaga kai ta gan shi a ƙofa, sai ta kama baki. Ya durƙusa ya sa fuska a cinyarta yana kuka. Ita kuwa tana shafa hular tana dariya, hawaye na zuba.

"Ajaratu, zo ki gani! Na ba da Komlan ajiya, an dawo mini da alhaji!"

Ranar nan an manta da kwashe kaya. Na kwance tukunyar da na ɗaure na dafa shinkafa da kifi. Matan cocinsu suka zo da fararen ɗankwalaye, suka cika tsakar gida da waƙa. Salamatou mai koko, wadda ba ta jin Mina ko kalma ɗaya, ita ta fi kowa tafi. Dada, da ta kwana huɗu ba ta ci ba, ta ci loma bakwai, ɗanta na ba ta a baki.

Da gari ya waye na kai mata ruwan zafi. Ta ce a fito da ita ta sha hantsi. Komlan ya ɗauko ta kamar jaririya ya zaunar. Ta riƙe hannunsa, ta riƙe nawa.

"Na gode, Ubangiji," ta ce da Hausa, don ni ma in ji. "Ka yi mini fiye da abin da na roƙa."

Ta rufe ido, hannunta ya saki.

Motar coci ta zo ɗaukarta zuwa Aneho. Mazan layinmu ne suka ɗaga ta, limaminmu na gefe yana share ido. Direba ya ta da mota, amma Komlan ya ce a jira shi kaɗan. Ya koma ɗakin da ba kowa, ya share shi tas har lungu, ya kwashe sharar ya zubar. Sannan ya fito, ya ja ƙofar a hankali har ta rufu.