Kada Ka Ce Mini Kawu

Kawu ne ya tari Auta a tasha. Sai da suka kusa yin karo kafin Auta ya gane shi. Mutumin da ya sani da furfura har a gira, yanzu gemunsa baƙi ƙirin.

Ɗakin Kawu na ƙarshen wani dogon lungu, bayan shagon wani matashi mai walda. Katifa ɗaya, bokiti, risho, sai riga rataye a jikin ƙusa. A bakin taga akwai ƙaramar kwalbar rini da tsohon buroshin haƙori da ya yi baƙi.

"Ya ka baro Innarka?"

"Tana gaishe ka. Ta ce in kula da kai."

Kawu ya yi 'yar dariya. "Ƙanwata ke nan. To zauna ka ji. Garin nan ba irin namu ba ne. Famfo da safe kawai yake kawo ruwa, ka tara. Ba a tambayar mutum daga ina yake. Mai gidan nan in ya gaishe ka, ka amsa ka wuce. Duk wannan ko ban faɗa ba za ka koya. Maganar sito ce nake so ka riƙe."

A siton ne Kawu ke dakon buhunan siminti, kuma nan ya samo wa Auta aiki.

"A can kada ka ce mini Kawu. Kada ka rusuna mini. In ka gan ni da buhu, ko numfashina zai ɗauke, kada ka karɓa."

"Haba Kawu. Ina tsaye kana ɗaukar kaya?"

"Manaja ba ya riƙe tsoho. Da ya ga an tausaya wa mutum, ya san an gama da shi. A wurinsa ni sa'an mai waldan nan ne. Ka ji ko?"

"Na ji."

Sito dogon ɗaki ne mai rufin kwano, ƙura har cikin haƙori. Ana jingina katako a bayan mota, ka hau da buhu a wuya, ka sauke, ka dawo. Manaja na zaune a bakin ƙofa da takunkumi a hanci. Ba ya kallon fuskar kowa, ƙafafu yake kallo.

'Yan dako suna kiran Kawu Ango, saboda gemun. Duk sun san da rinin, ba mai faɗa. Auta kuwa Baƙo suka sa masa. Wani mai yawan surutu da ake kira Gajere shi ya fi damun sa.

"Kai Baƙo, ba jariri ba ne, daina rungumar sa! Aza shi a wuya, in ya yi kuka ni zan rarrasa."

Auta ya koya. Ya koyi wuce Kawu a kan katako ba sannu. Ya koyi cin abinci a gefe guda, Kawu a wani gefen. Da yamma in sun koma ɗaki shi ke dafa ruwa ya gasa wa Kawu gwiwa.

Ran da abin ya faru, rana ta take, motar kuma doguwa ce. Kawu ya kai tsakiyar katako, gwiwarsa ta hagu ta lanƙwashe. Bai faɗi ba. Durƙusawa kawai ya yi, buhun na wuyansa, yana neman numfashi. Sauran suka ci gaba da tafiya kamar ba su gani ba. Da an bar shi, da ya miƙe. Ya saba.

Auta bai san lokacin da ya yar da nasa buhun ba.

"Kawu! Sake shi, ni zan kai!"

"Koma," in ji Kawu, ta tsakanin haƙora. "Koma, don Allah."

Amma Auta ya riga ya ɗage buhun. Ya haye da shi cikin mota da gudu, ya dawo ya miƙa wa Kawu hannu.

Gajere ne ya yi ƙoƙarin rufewa.

"Ango, santsi ne ko? Katakon banzan nan, ni ma jiya saura kaɗan ya zubar mini da haƙora."

Ba wanda ya yi dariya. Manaja ya sauke takunkuminsa.

"Kawunka ne?"

Auta ya dubi Kawu.

Manaja ya tashi, ya ɗauko kujerarsa da kansa ya ajiye a inuwa. "Baba, zo ka zauna. Ai ban sani ba."

Bai taɓa ce masa Baba ba. Kawu ya zauna, hannuwansa a kan cinya, yana kallo ana loda sauran motar ba shi. Zufa ta jawo rinin, wani baƙin layi ya gangaro masa a wuya.

Da aka tashi Manaja ya ce, "Baba, ka huta a gida. In da buƙata za mu aiko. Kai kuma gobe ka zo da wuri, na ga kana da ƙarfi."

Sai da suka shiga lungu Auta ya iya magana.

"Ba zan koma ba."

"Mu ci me? Fushinka?" Kawu bai juyo ba. "Za ka koma. Ka kuma gaishe shi da kyau."

Ba a aiko ba. Furfurar ta fara fitowa daga tushe, fari a ƙasa, baƙi a sama, har Kawu ya gaji ya aske gemun duka. Yakan yini a bakin shagon mai walda yana kallon tartsatsi. Da Inna ta kira waya, Auta na jin sa yana cewa, "Lafiya lau muke. Yana kula da ni, yadda kika ce."

Wata safiya Auta na ɗaure takalmi, Kawu ya miƙo masa kwalbar rinin, naɗe a leda.

"Ka ba Gajere. A ɓoye. Na ga ya fara fari a bayan kunne."

Auta ya sa ta a aljihu.

"In ka gan shi ya durƙusa fa?"

"Zan wuce."

"To," in ji Kawu. Ya juya fuskarsa bango. "Ja mini ƙofar."