Jirgin da Ya Koma Gida

Tun da ambaliya ta kwashe turakun sadarwa, wayar hannu a garin ta zama abin duba fuska kawai. Abin da ya rage shi ne ƙananan jirage marasa matuƙi da aka jera a sama, wannan na miƙa wa wancan saƙo, daga asibiti har zuwa kwale-kwalen masu ceto. Ɗaya ya kauce, layin gaba ɗaya ya mutu.

Injiniya aka ajiye a saman benen wata makaranta yana kiwonsu, daga shi sai kwamfuta da tulin batura da shayin da ya huce. Jama'a na samun 'yan'uwansu ta dalilinsa, shi kuwa ya kira Babansa har yatsa ya gaji. Unguwarsu tana can ƙetare inda layin bai kai ba, tsohon kuma ya ƙi barin gida, don taurin kai a gidansu gado ne. Kewa ta ishi Injiniya, ba wanda zai gaya wa.

Da hantsi iska ta taso, jirgin tsakiya ya rabu da sauran. Irin waɗannan jirage in sun ɓace, komawa suke inda aka nuna musu a matsayin gida. Injiniya ya zuba ido sama, shiru. Sai ya tuna. A kan rufin gidan Baba ya gwada jirgin kafin ruwan, bai kuma sauya masa masauki ba.

Ya juya doguwar eriya ya lalubo shi da ƙyar. Hoton ya dawo yana rawa. Rufin gidansu ne, ruwa ya kewaye shi, ga Baba zaune da buta da rediyonsa. Tsohon ya matso ya leƙa kyamarar, ya gane kayan ɗansa. Ya cire hula yana share wa jirgin ruwa, bakinsa na ta motsi. Jirgin kuwa ba kunne ba baki.

Muryar shugabar aikin ta fito daga oba-oba. "Injiniya, masu kwale-kwale ba sa jin mu! Ina jirginka?"

"Yana wajen Babana, ranki ya daɗe."

"Yana raye?"

"Yana raye. Shi kaɗai ne a kan rufi."

"Ba ni kwatance, zan tura masa kwale-kwale. Amma ka san ba za su ji ni ba sai layi ya dawo. Tayar da jirgin yanzu, kafin batirin ya mutu."

Injiniya ya kunna farfela a hankali don tsohon ya matsa. Baba ya zabura ya ja baya, sannan ya miƙo hannu biyu yana girgiza kai. Jirgin ya tashi. A fuskar kwamfuta Baba ya yi ta ƙanƙancewa, hannuwansa har yanzu a sama.

"Baba, ni ne," in ji Injiniya, a saman benen da babu kowa. "Ba gudu na yi ba."