Ƙarin Girman Yaji

Tun da labari ya fita cewa Alhaji Kaumi ya ƙara wa Yaji girma, mutanen unguwar Yindiski ba su bar shi ya huta ba. Kowa ya gamu da shi sai ya ce, "Barka da ci gaba!" Har waɗanda a da ba sa amsa masa sallama da kyau sun iya murmushi.

Ci gaban kuwa shi ne an sauko da shi daga saman tirela. Ya daɗe yana rakiyar shanun Alhaji daga Potiskum zuwa Legas, a zaune kan katako, rana da ruwa duk a kansa. Yanzu shi zai tsaya a kara, kasuwar shanu, yana kula da lodi, shi zai zaɓi masu rakiya. Matarsa Delu ta fi kowa murna, don ta gaji da tuwon da ke kwana a kwano.

Mutum ɗaya ne bai yi masa barka ba, wato Siddiq, dattijon da ya koya masa aikin.

Aikin rakiya ba zama ba ne. In saniya ta kwanta a mota, dole mutum ya dira tsakanin ƙahoni, ya murɗa mata jela ta miƙe, in ba haka ba 'yan'uwanta su tattake ta. Gwiwar Siddiq ta daɗe da ƙin wannan dirar. Yaji ne ke yi masa, shi kuma yana riƙe igiya daga sama, kuma ba wanda ya taɓa ji daga bakinsu.

Ranar kasuwa aka gama lodi. Siddiq ya rataya sandarsa, ya kama ƙarfen mota zai hau. Yaji ya matso kusa da shi. In ya bar shi ya hau, wa zai dira masa a hanya? In ya hana shi, ya raba shi da abin da ya sani a duniya.

"Baffa," ya ce a hankali, "yau ba da kai ba. Akwai aikin shayarwa a nan kara. Na yi wa Alhaji magana."

Siddiq ya daɗe riƙe da ƙarfen kafin ya sake shi.

"Ai na sani," ya ce. "Tun da na ji an ƙara maka girma na san wanda za a fara saukewa. Tsorona kawai kar kunya ta hana ka, ka bari a kawo maka gawata daga Lokoja."

Mota ta tashi, suna tsaye suna kallonta har ta sha kwana. Sai dattijon ya miƙa masa hannu.

"To, Yaji. Barka da ci gaba."

Cikin duk gaisuwar da aka yi masa, wannan ce kaɗai ya karɓa da hannu biyu.