Inna da Maganin Surukarta

Da ɗanta ya rasu, Inna ta ɗauko matarsa ta dawo da ita ɗakinta. Tarin fuka ne ya kashe shi, kuma sai dab da ƙarshe aka gano yana ɗauke da ƙanjamau. Aka gwada matar, aka same ta da duka biyun. Danginta suka ce gidansu ya cika, babu wurin shimfiɗa tabarma.

A asibiti nas ta ce dole a sami wanda zai riƙa tsayawa a kanta kullum har ta haɗiye magani. Inna ta waiga, ta ga ba kowa a bayanta.

Kowace safiya, kafin a karya, sai ta ɓare manyan ƙwayoyin nan jajaye, ta miƙa mata da kofin ruwa.

"Buɗe baki in gani, 'yar nan."

"Haba Inna, sai ka ce ƙaramar yarinya."

"To, da mece ce ke? Ɗaga harshen."

Tari ya fara lafawa, sai nas ta ƙara musu da maganin ƙanjamau. Ba a jima ba zazzaɓi ya dawo, ya fi na da zafi. Kaluluwa ta fito mata a wuya kamar ƙwan kaza, ko kunu ba ya wucewa sai da hawaye.

Babban ɗan Inna, bakanike, ya zo dubiya. Ya tsaya a bakin ƙofa, hular da ya cire yana toshe hanci da ita.

"Inna, maganin nan ne ke cinye ta. Ki zubar da shi. Kin binne ɗa, kada ki ɗauki alhakin 'yar mutane."

Ita ma abin da take ta saƙawa ke nan. Washegari ta daɗe riƙe da ƙwayoyin a tafinta, har gumi ya fara narkar da jansu. Ta dai ba ta, sannan ta tallafe ta suka nufi asibiti.

Ɗakin masu tari yana can ƙarshen baranda, tagoginsa a buɗe, bencinsa cike. Sai da rana ta take sannan layi ya zo kansu. Nas ɗin ma idonta ya yi ja don gajiya. Ta taɓa wuyan, ta kira likita, suka duba tare.

"Mama, jikinta ne ya farka," in ji likita. "A da ba shi da ƙarfin yaƙar tarin, yanzu ya samu. Faɗan ne kike gani. Kada a daina ko ɗaya. Ga wani kuma na rage kumburin."

"Wani kuma?" in ji Inna. "Cikin yarinyar nan ya zama kemis."

Kumburin ya sauka a hankali. Inna ta ci gaba da wankin zanin gado, da shanya katifa, da zaryar asibiti, maƙwabta kuwa suka daina aron taɓaryarta. Bayan wata shida aka gwada kakin matar, nas ta ce tarin ya tafi, an gama da jajayen ƙwayoyi.

"Alhamdu lillahi. Na ɗaya ciwon fa, yaushe za a gama?"

"Wannan ba a gama shi, Mama."

Inna ta kalli ƙafafunta.

"Ni zan riƙa zuwa karɓa, Inna," in ji surukar. "Ki huta haka nan."

"Ma gani."

A motar haya barci ya kwashe Inna, kanta ya faɗa kan kafaɗar surukar. Da suka zo wurin saukarsu direba ya waigo. Surukar ta yi masa alama da hannu ya wuce kawai, sa dawo da wata motar.